Shekarun Gida, Shekarun Takarda

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin ta farkon watan Yuni ba, ko da tsufa zai kai ni inda zan manta sunan matata. Har yau in ta faɗo mini a rai ina cin tuwo, sai in tsame hannu, a yi ta tambayata ko gishiri ne ya yi yawa. Ranar ce na tsaya a gaban ɗalibai da malamai da baƙi daga Gusau, da lasifika a hannuna, na yi wa mutumin da ya fi kowa yi mini alheri aika-aika, ina murmushi, ina jiran tafi. Kuma an tafa mini. Wannan tafin ne ya fi komai ci mini rai.

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Talata Mafara, kuma tun ina yaro nake da wata lalura: ba na iya ganin kwanan wata in ƙyale shi. Wasu suna tara tantabaru, wasu suna tara bashin mai shayi, ni ranaku nake tarawa. Da na kama aiki ban yi wata guda ba na roƙi a ba ni ɗan lokaci a taron safe, na raɗa wa shirin suna "A Rana Irin Ta Yau". Kullum bayan addu'a sai in karɓi lasifika in gaya wa yara wane babban mutum aka haifa a wannan rana, wa ya rasu, wace ƙasa ta samu 'yanci. Yara suna tsaye a rana suna zufa, ni kuwa ina can ƙasar Sin ina binne sarakuna. (Daga baya na ji ashe sun sa mini suna Malam Rana-Irin-Ta-Yau. Ko a jikina. A lokacin ma na ɗauka yabo ne.)

A duk watannin shekara babu wanda nake ji da shi kamar Yuni. Farkonsa cike yake da kaya. A ciki aka naɗa wa wata sarauniyar Ingila rawani, ko in ce kambi, a ciki sojojin taron dangi suka sauka a gaɓar Faransa lokacin yaƙin duniya na biyu, a ciki wani zakaran damben duniya ya rasu. Amma gaskiyar magana ba don su nake son watan ba. Don ni ne. A farkon Yuni aka haife ni, haka yake a duk takarduna, kuma ina jin kaina a cikin jerin manyan nan kamar ɗan ƙaramin ƙanensu da bai riga ya yi suna ba.

Wani abin da ya ƙara kumbura mini kai shi ne ranar tana da farin jini. A ajinmu na firamare a Birnin Tudu, can ƙasar Bakura inda aka haife ni, kusan rabin ajin rana ɗaya muke. Wani zai ga haka ya yi tambaya. Ni da na ga haka sai na ƙirƙiro bayani. Na ƙirga wata tara baya, na ga ya faɗa daidai lokacin da sabon gero yake shiga gida, na ce ai shi ke nan, ciki ya cika, hankali ya kwanta, magidanta suna cikin nishaɗi. Har a ɗakin malamai na taɓa yin wannan bayanin, da alli a hannuna. Na tuna shugaban makarantarmu ya dube ni ta saman tabarau, ya yi ɗan tari, ya fita waje. Na zaci burge shi na yi.

Shugaban nan shi ne Malam Nomau, ɗan Tsibiri ta ƙasar Maradun, kuma shi ma ranar haihuwarmu ɗaya. Shi ya koya mini karatu a aji ɗaya a Birnin Tudu lokacin yana malamin firamare, kafin ya yi ta ƙaro ilmi har ya kai inda ya kai. Da na gama digiri na yi zaman jiran aiki har takalmina ya huje, shi ya yi ta safa da marwa zuwa Gusau har aka ɗauke ni. Ranar da zan yi aure shi ya karɓa mini, don mahaifina ya rasu. Dogo ne, mai sanyin magana, mai gemu baƙi wuluk. Wato baƙi wuluk ranar Litinin. Kafin Alhamis sai ka ga gefe-gefe ya fara yin fari kamar an barbaɗa gari, in Litinin ta zagayo kuma ya koma saurayi. Kowa ya san shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya, kuma kowa ya san yana riƙe da shekarun nan biyu hannu bibbiyu, don autarsa tana karatun jinya kuma albashinsa ne yake ɗauke da ita.

To, akwai abin da kowane ma'aikaci a ƙasarmu ya sani, ba a dai faɗa. Mutum yana da shekaru iri biyu, na gida da na takarda. Na gida su ne waɗanda tsofaffi suke ƙirgawa da shekarar fari ko shekarar ambaliya. Na takarda kuwa su ne waɗanda mutum ya je kotu ya rantse a kansu, su ne gwamnati ta sani, kuma ba safai suke gaisawa da na gida ba. Kada ku ce ban san wannan ba. Na sani, irin sanin da mutum yake yi wa maciji: akwai shi a daji, amma ba ya taɓa kawowa yana ƙarƙashin gadonsa. Ban taɓa haɗa zancen da Malam Nomau ba, balle da kaina.

Wanda ya haɗa mini shi ne mataimakin shugaba, Malam Lawali. Mutum ne mai fara'a ƙwarai, irin wanda zai gaishe ka ya tambayi lafiyar akuyarka. Ya daɗe yana mataimaki, har kujerar ofishinsa ta ɗauki siffar jikinsa. Wata rana a ƙarshen Mayu ya kira ni gindin darbejiya ya ce mini baƙi za su zo daga Gusau duba makaranta ranar Litinin ta sama, kuma ya lura ranar ta yi daidai da ranar haihuwar shugaba. Ya ce kullum ina ta yabon matattun Turawa, ga babban mutum a gabana ban taɓa sa shi a shirina ba.

"Kai ad da tarihi," in ji shi. "Gwaggonai na nan da ranta, ita tay yi renonai. Sun baro Tsibiri, tana Maradun gidan jikanta. Tahi ka jiyo daga tushe, ka ba mutane mamaki. Amma kak ka hwaɗa mai, in ya sani daɗin ya tahi."

Daga tushe. Da zai ce mini in je in ɗauko zinari ba zan ji daɗin da na ji ba. Duk karatun da na yi, malamanmu suna ta nanata mana cewa tarihin gaske yana bakin tsofaffi, ga shi yau an miƙo mini tsohuwa sukutum. Har godiya na yi masa. Na riƙe hannunsa da hannu biyu.

Ranar Asabar na hau babur na kama hanyar Maradun, ina addu'o'in da kowa yake yi a hanyar nan yanzu saboda 'yan bindiga. An yi ruwan shuka kwana biyu kafin nan, gonaki duk mutane sun duƙa, wasu suna saran rami wasu suna bi da iri. Na tsaya na sayi goro da sabulu da sukari, na isa gidan kafin azahar.

Gwaggo Tumba tsohuwa ce tukuf, ta ƙanƙance ta koma kamar yarinya, amma kunnenta garau, bakinta kuwa ya fi nawa kaifi. Mun daɗe muna gaisawa. Ta tambayi gida, ta tambayi zafi, ta tambayi ruwa, ta tambayi ko ina da ɗiya, ta koma kan zafi. Da na ce mata ni almajirin Nomau ne a boko, na zo jin labarin haihuwarsa, sai ta gyara zama ta fasa goro. Ta ce an haife shi ranar da aka yi ruwan shuka, uwarsa ta dawo daga kai abinci gona ke nan naƙuda ta kama ta a bakin danga, shi ya sa ake ce masa Nomau. Na ji wani sanyi a raina, don farkon damina ai shi ne farkon Yuni. Takarda da baki sun haɗu. Ta ce yaro ne mai kuka, mai cin ƙasa, mai tsoron jaki. Ina ta rubutawa.

Sai na tambaye ta ko za ta iya tuna wani babban abu da ya faru yana ƙarami.

"Ƙaƙa ba ni tunawa?" in ji ta. "Ran da anka ce Nasara sun tahi sun bar muna ƙasa, anka yi kiɗi ƙohwar hakimi, ai da ƙahwatai yat tahi. Shina da wayonai sarai. Wata 'yat tuta da anka ba yaran boko yaf fizge yas sheƙa, nib bi shi da gudu har bakin rijiya. Ran da anka zo aikin dam kau ya zama ƙato, shi ka tura baro, da kuɗɗin yas sai keke."

Jama'a, ku dubi girman Allah. Duk mai hankali da ya ji wannan zai rufe littafinsa, ya gode wa tsohuwa, ya koma gida ya ja bakinsa. Ni abin da na gani shi ne kanun labari. A kan babur ina dawowa ina ta maimaita jumlar da zan rufe jawabina da ita, har na kusa taka wata tunkiya. Ko sau ɗaya ban yi tunanin shekarar da aka rubuta a fayil ɗinsa ba. A wurina yawan shekaru girma ne, kuma girma na je nemo masa.

Ranar Litinin na sa farar shaddata ta aure. Matata ta tambaye ni ko biki za ni, na ce mata ta saurari labari. Da na isa makaranta na tarar an share fili, an yayyafa ruwa, an jera kujeru a gaban ɗalibai. Baƙin su uku ne. Babbansu wani mai tumbi ne da gashi baƙi ƙirin, sai wani siriri, sai wata matashiya da kwamfuta a cinya. Na lura malamai duk sun yi tsit, kowa da fayil a hammata, wasu ma da ban taɓa gani a makarantar ba sun bayyana. Ban tambayi dalili ba. (Ashe ba duba makaranta suka zo ba. Tantance ma'aikata suka zo yi, a gano na bogi da waɗanda lokacin ritayarsu ya wuce. An sanar a taron malamai ranar Juma'a, lokacin ina ɗakin karatu ina neman wanda ya mutu a farkon Yuni.)

Malam Nomau yana zaune kusa da babban baƙo, gemu ya sha sabon rini yana ƙyalli. Aka yi addu'a, aka yi taken ƙasa, sai Malam Lawali da kansa ya miƙo mini lasifika, har da ɗan dafa mini kafaɗa.

Na fara da na nesa, kamar yadda na saba. Na bi ta kan sarauniya, na bi ta kan sojoji, na yi wa ɗan dambe addu'a. Sannan na sassauta murya na ce yau ba sai mun tsallaka teku neman babban mutum ba, ga shi zaune a tsakaninmu. Na ce a rana irin ta yau, a garin Tsibiri, ana ruwan shuka, aka haifi shugabanmu. Yara suka ɗauki tafi. Malam Nomau ya yi murmushi ya ɗaga hannu, da alama abin ya yi masa daɗi. Da na tsaya nan, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Ban tsaya ba. Na ce ba a takarda na samo wannan tarihi ba, takanas na je Maradun na ji daga bakin gwaggon da ta goya shi. A nan na ga murmushin ya tsaya cak a fuskarsa, na ɗauka kunya ce irin ta manya. Na ba da labarin cin ƙasa, aka yi dariya. Na ba da na tsoron jaki, aka ƙara. Malamin lissafi da ke tsaye a bayan baƙi ya fara yi mini alama da hannu yana yanka wuyansa, na zaci cewa yake yi lokaci ya ƙure, sai na ƙara sauri. Na kawo labarin baro da aikin dam. Malamar turanci ta rufe fuska da mayafi. Na kawo labarin tuta, na kwaikwayi gudun yaro, na kwaikwayi gwaggo tana binsa. Sannan na ja numfashi, na ɗaga hannu sama, na saki jumlar da na kwana biyu ina wasawa:

"Ɗalibai, ku yi alfahari. Shugabanmu ya girmi Najeriya!"

Fili ya ɗauka. Yara suna tafi, suna fito, wasu suna buga ƙafa. Ni kuwa baki har kunne, na juya wajen manya don in karɓi nawa rabon. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Babu malami ɗaya da ya ɗaga hannu. Duk sun zuba wa ƙasa ido kamar an ce kuɗinsu ya faɗi. Babban baƙo yana shafa baƙin gashinsa a hankali, ya kafa wa wata bishiya ido. Matashiyar nan kuwa ta buɗe kwamfuta, ta duba, ta dubi Malam Nomau, ta sake dubawa, sannan ta fara danne-danne. Mutum ɗaya ne a cikin manya yake tafi, shi ma a hankali, da yatsu biyu a tafin hannu: Malam Lawali.

Ban san yadda zan kwatanta muku yadda lissafi yake sauka a kan mutum ba. Ni dai a tsaye ya same ni. Shekarun Najeriya kowa ya san su, ni da bakina nake faɗa wa yaran nan duk watan Oktoba. Ka ɗora shekarun yaron da ya iya fizgar tuta ya gudu. Ka ajiye su kusa da shekarun ritaya. Zufa ta karyo mini tun daga ƙeya har cikin takalmi. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma an yayyafa mata ruwa ta yi ƙarfi.

Maimakon in yi shiru, sai na ce bari in gyara. Na koma kan lasifika na ce, to, ita dai gwaggon ta tsufa ƙwarai, wataƙila ta rikice, wataƙila wani Nomau ɗin take nufi. Wata yarinya 'yar aji uku a layin gaba, wadda ban taɓa jin muryarta a aji ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai kai kac ce muna tarihin baki ya hi na takarda gaskiya." Haka ne, ni na ce. Har a jarrabawa na kawo shi.

Malam Nomau ne ya tashi ya karɓi lasifikar daga hannuna, a hankali, kamar mai karɓe wuƙa daga hannun yaro. Ya gode mini da wannan bincike mai zurfi, ya ce kowa ya tafi aji. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

Ban san abin da aka tattauna a ofis ba, don ranar a bayan ɗakin gwaje-gwaje na wuni, ina jin yara ta taga suna kiran shugaba Yayan Najeriya. Washegari Talata ce, ranar kasuwa, kafin la'asar labarin ya kai Bakura ya kai Maradun. Na je sayen tumatir mai tumatir ya ce don Allah kada in je garinsu. Malaman da muke cin abinci tare suka daina zama kusa da ni, in na shigo ɗakin malamai sai hira ta mutu. Wani ma da na tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa sai ya zabura ya ce me zan yi da ita. Matata kuwa ta saurari labarin da na ce ta saurara, ta ninke shaddar ta sa a ƙasan akwati.

Ƙarshen zangon karatu Malam Nomau ya ajiye aiki. An ce shawara aka ba shi ya tafi da girmansa, ya karɓa. Malam Lawali ya koma babban ofis, ya sa aka sake fenti. Ni kuwa na daina barcin kirki. Ba dariyar mutane ce ta dame ni ba, wannan na cancanta. Yarinyar nan mai karatun jinya ce take tsaya mini a rai. Mutumin da ya sama mini abinci, ni na cire masa nasa, kuma a gaban jama'a, da farar shadda.

Sai da damina ta yi nisa na iya tattara ƙarfin hali na je wurinsa. Aka ce yana gonarsa ta shinkafa a bakin hanyar ruwan dam. Na same shi zaune a ƙarƙashin rumfar kara, wando a naɗe, ƙafa duk taɓo. Da ƙyar na gane shi, don gemun ya zama fari fat, kuma wallahi ya fi yi masa kyau. Na durƙusa. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na kasa ɗaga kai. Da na fara ba da haƙuri sai kuka ya zo mini, ƙato da ni. Ya bar ni na yi mai isata, yana korar tsuntsaye da igiya.

Da na natsu ya ce mini ya ji ciwo, ba zai ɓoye ba, kwana da kwanaki bai fita masallacin unguwa ba. Amma ya ce gwaggo ba ta yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba. Ya shiga makaranta da girma, bayan aikin dam ya koma karatu, da bai rage shekaru ba da babu inda za a ɗauke shi. Na tambayi autarsa, ya nuna mini shinkafar da haɓa ya ce ga mai biya nan, in Allah ya kai mu kaka, kuma yayyenta sun ce za su kama. Ya ce abu ɗaya da ya huta da shi shi ne rini, don ƙaiƙayi yake sa shi. Sai ya juyo ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon nan na ranar da na yi bayanin sabon gero.

"Kai kau, yaushe anka haihe ka?"

Na faɗa masa, har da ɗan murmushi, na ce ai ranarmu ɗaya.

"Wa yag gaya maka?"

Na ce haka yake a takarda.

"To wa yar rubuta takardar?"

Ya ce shekarar da aka kawo mu aji ɗaya a Birnin Tudu, babu yaro ko ɗaya da ya zo da katin asibiti. In ya tambayi uba yaushe aka haifi yaro, sai a ce masa shekarar da rijiya ta rufta, ko bayan rasuwar wane. Ga layi har waje, ga hadari ya taso, kowa yana son ya koma gona. Sai ya riƙa rubuta wa kowa ranar da ta fi zama a kansa, wato tasa, wadda shi ma wani akawun kotu ne ya zaɓa masa. Shekara kuwa da ido yake yankewa. A lokacin ana sa yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunne, in ya taɓo ya isa shiga.

"Kai da kaɗ ɗora, hannunka ya wuce kunne ya kusa haɓa," in ji shi. "Ka gama famfara, haƙoran manya na bakinka. Hedimasta yac ce ka yi girma, a maishe ka gida kiwon awaki. Tsohonka na tsaye shina kallona. Nid diba, nic ce a'a, tsawo na kawai, ɗan shida na."

Ya ja igiyar tsuntsaye, gwangwanaye suka yi ƙara, sannan ya ƙarasa yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Ni nir rage maka shekaru don ka shiga makaranta. Kai kau kam maido man nawa don in hita. Ka ga mun yi daidai."

Daga gonar ban koma gida ba, Birnin Tudu na wuce. Na tarar da mahaifiyata tana tsince wake, na tambaye ta ko da ruwan shuka aka haife ni. Ta dube ni kamar na zare. Ta ce wane irin ruwa, ai da tsakiyar sanyi ne, har wuta aka kwana ana hura mata a ɗaki. Ta ƙara da cewa ɗan maƙwabcinmu da nake cewa yayana, ina durƙusa masa tun muna yara, ni na girme shi. Wato duk shekarun nan da nake sayen tsire a farkon Yuni ina taya kaina murna, ina jera kaina da sarauniya da ɗan dambe, ranar wani akawun kotu nake yi wa biki. Bayanin sabon gero kuwa, don Allah duk wanda ya ji shi a bakina ya yafe mini.

Autar Malam ta gama karatunta, shinkafa ta yi abin da aka ce za ta yi, duk da na san an sha wuya kafin nan. Duk farkon Yuni ina kai masa ziyara da 'yar ledar goro, mu zauna a rumfa mu taya juna murnar ranar da ba a haifi ko ɗayanmu ba.

Shirin "A Rana Irin Ta Yau" yana nan, ban fasa ba. Sai dai na sa masa doka: wanda zai shiga sai ya cika sharaɗi biyu, ya mutu, kuma garinsu ya yi nisan da babur ba zai kai ni ba. Masu rai na kusa kuwa, na gane kowa da hannun da ya taimaka masa ya taɓo kunne, ba aikina ba ne in je in auna.

Sannan ina da roƙo ɗaya. An turo mana wani sabon malamin tarihi bana, yaro mai ƙwazo, mai son jin abu daga tushe. In ya tambaye ku gidanmu a Birnin Tudu, ku ce masa mun tashi.